Tambayoyinku: An tura ɗana ɓangaren kayan sojoji, ci baya ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga Gadarif a Sudan, ɗana ya gama Kulliya Harbiyya, wato kwalejin horar da hafsoshin soja, ta Wadi Sayyidna ya fito mulazim (ƙaramin hafsa) muna ta guɗa, sai gashi an turashi ɓangaren imdad wajen abinci da mai da kaki. Tun lokacin maƙwabta sun hanani sakat, wasu suce ai wannan mai gadin buhu ne ba soja ba, wasu kuma har barka suke min wai mun rabu da talauci. Dan Allah meye gaskiyar aikin nan, kuma yanada gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya rayashi ya tsare mana shi. Masu cewa mai gadin buhu basu san tarihin ƙasar da suke zaune a ciki ba. A 1883 Hicks Pasha, Baturen Ingila mai jagorantar sojojin Masar, ya nufi Ubayyid da dubban sojoji da igwa da komai, amma ƙishirwa ta riga ta galabaitar dasu kafin mutanen Mahadi su afka musu a Shaikan. Kitchener, janar ɗin Ingila da yazo daga baya, bai yi gaggawa ba, sai da ya shimfiɗa layin dogo daga Wadi Halfa ya ratsa hamada zuwa Abu Hamad a 1897, ya kai Atbara, kaya na biyoshi a baya, sannan akayi yaƙin Karari a 1898 ya ci mutanen Mahadi. Bama son abin da yayi mana, amma dai ya san ciki ake fara ciyarwa. Kuma ki tuna yaƙin Tabuka, da me Sayyidina Usman yayi fice? Da shirya runduna ne, raƙuma da guzuri da dukiya.

Aikin ɗanki lissafi ne tun asuba. Mutum nawa ke wannan sansanin, ta'ayin, wato abincin sojoji, na kwana nawa ya rage, fulawa, adas (wani irin wake), sukari, mai, ganyen shayi, tankar ruwa nawa za ta isa, jaz (man dizal) ɗin motoci, takalmi, harsashi, kuma duk sai sun isa kafin a nema ba bayan an nema ba. Ke 'yar Gadarif ce kinsan yadda baƙar ƙasarku take in kharif, wato damina, ya kankama, lori ya nutse har gindi ya kwana a laka, toh in bai tara kaya tun kafin ruwan farko ba akwai yaran mutane can da za su kwana da yunwa da bindiga a hannu. Kuma kar kowa yace miki kujerar hutu ce, tun da yaƙin nan ya ɓarke a Afrilun 2023 hanyar kaya ake fara nema a datse, ayarin motoci su ake hari da jirgi marar matuƙi, a birnin Fashir ma sai da ta kai ta sama ake jefa wa sojoji kaya. Ki dage masa da addu'a sosai.

Gaba kam akwai. Matakala ɗaya yake hawa da sauran, mulazim awwal, nakib, ra'id, mukaddam, akid har sama in Allah ya nufa, da kwasa-kwasai a tsakani, kuma in yayi ritaya kamfanoni da ƙungiyoyin agaji suna neman wanda ya iya sito da jigila.

Masu yi miki barkan arziki su ne suka fi tada min hankali wallahi. Duk abin da ke cikin makhzan ɗin nan, wato sito, uhda ce, amana a wuyansa, da sa hannunsa aka karɓa, ranar da kwamitin jard, masu binciken kayan sito, ya zo ƙirga aka samu buhu goma babu ko durom ɗin mai ya ragu, ba wanda za a tambaya sai shi, kuma kotun soja ba ta jin "kawuna ne ya roƙa". Yawanci ba da babbar sata ake farawa ba, ɗan'uwa ne zai zo da zancen biki yace a taimaka da sukari buhu ɗaya kawai, yaro ya ji kunya ya bayar, gobe wani ya zo. Nan ne aikinki Hajiya, ke za ki tsaya a ƙofa ki faɗa wa dangi tun yanzu cewa ɗanki albashi yake ci, wanda ke da buƙata ya zo wajenki. Shi kuma ki ja masa kunne kar ya taɓa sa hannu a takardar kayan da bai ƙirga da idonsa ba, ko da na gaba dashi ne ya tsaya masa a kai yana cewa yi sauri mota na jira.