Tambaya da Amsa: Me Ke Sa Kamfani Ya Yi wa Motocin Alfarma Kiranye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni bakanike ne a Kaduna, kuma na daɗe ina gyaran injin ƙananan motoci. Na ji ana cewa kamfanin Porsche ya taɓa cire injinan wasu sababbin motocinsa gaba ɗaya ya sauya su da wasu saboda suna kamawa da wuta. Abin ya ɗaure mini kai, domin ina ganin tsohuwar Corolla tana shekara da shekaru ba a buɗe injinta ba. Shin maganar gaskiya ce, kuma yaya mota mai tsada haka za ta fito da matsala daga masana'anta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar gaskiya ce, kuma ta faru ne a farkon shekarar 2014. Motar ita ce Porsche 911 GT3, wadda aka ƙera a Jamus domin masu son gudu. Guda biyu ne suka kama da wuta, ɗaya a Suwizalan ɗaya a Italiya, kuma Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni. A watan Fabrairu kamfanin ya dakatar da miƙa motar ga masu saye, ya kuma roƙi waɗanda suka riga suka karɓa da su ajiye ta kada su hau. Bayan bincike, a watan Maris ya sanar da cewa zai sauya injin kowace ɗaya daga cikin motoci 785 da abin ya shafa.

Tunda kai ma'abocin sana'ar ne, za ka fi kowa gane inda gizo ke saƙar. Matsalar tana jikin notin da ke ɗaure sandar da ta haɗa fistin da karanshaf. Idan notin nan ya kwance yayin da inji ke aiki, sandar takan fizge ta fasa bulok, baƙin mai ya tsiyaye a kan ƙarfe mai zafi, daga nan sai wuta. Irin wannan ɓarna ba baƙuwa ba ce a garejinku, amma bambancin yana ga irin wahalar da injin GT3 yake sha. Inji ne mai silinda shida, lita 3.8, wanda aka yi shi domin ya riƙa juyawa har sau 9,000 a minti ɗaya, wato sau 150 a kowace daƙiƙa. Ma'ana kowane fistin yana tsayawa cak ya juya baya sau 300 a daƙiƙa guda, kuma duk wannan fizga a kan notin nan take ƙarewa. Corolla kuwa a kan babbar hanya injinta bai cika wuce juyi 3,000 a minti ba, kuma an bar wa kayanta rara mai yawa, ta yadda ko an ɗan kuskure wajen ɗauri ba lallai ne ya bayyana ba. Su injiniyoyin motocin gudu suna rage nauyin kowane ƙarfe iyakar abin da zai yiwu domin inji ya yi saurin tashi, saboda haka ƙaramin kuskure da wata mota za ta haɗiye, ita wannan ba ta da wurin ɓoye shi.

Akwai kuma batun yawa. Kamfanin da ke ƙera miliyoyin inji iri ɗaya yana samun labarin kowane rauni daga ƙasashe masu zafi da masu sanyi, yana gyarawa shekara bayan shekara. Wanda ke ƙera 'yan ɗaruruwa ko 'yan dubbai ba shi da wannan gata, duk kuwa da gwajin da yake yi kafin fitarwa, sai ya zama masu sayen farko su ne suke ƙarasa masa gwajin da kuɗinsu. A ganina wannan shi ne abin da ya kamata duk mai sha'awar irin waɗannan motoci ya sani kafin ya sa hannu a aljihu. Ko a kan wannan GT3 ɗin maganar ba ta ƙare da sauya inji ba, domin daga baya an gano cewa wasu ƙananan ƙarafa da ke danna bawul suna saurin cinyewa, har ta kai a 2017 kamfanin ya tsawaita garantin injin zuwa shekara 10 ko tafiyar mil 120,000.

Wani lokacin ma injin lafiyarsa ƙalau, zafinsa ne yake tona asirin wani abu da ke kusa da shi. A 2010 kamfanin Ferrari na Italiya ya yi wa motoci 1,248 samfurin 458 Italia kiranye, wato ya nemi a mayar masa da su domin gyara, bayan wasu daga cikinsu sun ƙone. Da aka bincika sai aka tarar gam ne da aka yi amfani da shi wajen liƙa abin kare zafi a murfin da ke saman tayar baya, kusa da salansa. Idan wurin ya yi zafi sosai sai gam ɗin ya kama da wuta. Maganin da aka yi shi ne cire gam a ɗaure wurin da ƙusoshin ƙarfe. Haka nan a 2014 Aston Martin na Ingila ya kira motoci 17,590, kusan kashi uku cikin huɗu na duk abin da ya ƙera tun ƙarshen 2007, saboda an gano wani ƙaramin kamfani a ƙasar Sin ya yi amfani da jabun roba wajen yin sandar totur, wadda ke iya karyewa a ƙarƙashin ƙafar direba. Babu kamfanin mota a yau da ke ƙera komai da hannunsa. Kowa yana sayen kaya daga masu kawo kaya, su ma suna saye daga wasu, kuma a can ƙasan wannan jeri ne ido ba ya cika kaiwa.

Tambaya: Ina sana'ar sayar da motoci a Kano, kuma wani lokaci akan ba ni saƙon manyan motoci daga Amurka. Shin duk matsalar da aka gano a mota sai kamfani ya kira ta ya gyara kyauta? Kuma idan motar ta riga ta iso nan, yaya zan san halin da take ciki?

Amsa: Alhaji, ba kowace matsala ce take kai wa ga kiranye ba. A Amurka hukumar kula da lafiyar motoci da hanyoyi, wato NHTSA, tana tilasta kiranye ne idan matsalar ta shafi tsaron rai ko ta saɓa wa ƙa'idar tsaro da doka ta shimfiɗa. Kamfanin da ya tabbatar da irin wannan aibi dole ne ya sanar da hukumar cikin kwanakin aiki biyar, sannan ya rubuta wa masu motocin, ya kuma gyara kyauta muddin motar ba ta wuce shekara 15 da sayarwar farko ba. Amma aibin da zai cinye aljihun mutum ba tare da an ɗauke shi barazana ga rai ba, sau da yawa sai an je kotu.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na wasu motocin Porsche samfurin 911 da Boxster, waɗanda ke da wani boris a jikin sandar da ke juya sarƙar bawul. Idan boris ɗin ya fashe, yakan tafi da injin gaba ɗaya. Ba a taɓa yin kiranye a kansa ba. Masu motocin ne suka haɗu suka kai ƙara a Amurka, aka sasanta a 2013 kan motocin da aka ƙera daga 2001 zuwa 2005, kamfanin ya yarda ya biya kuɗin gyara, ko duka ko wani ɓangare. Ni dai ban ga adalci a barin mai saye ya yi ta jiran shari'a kan laifin da ba nasa ba, kuma irin waɗannan motoci suna nan suna yawo a kasuwar 'yan gwanjo har yau.

Game da motar da ta iso hannunka, abin dogaro shi ne lambar shasi, wadda take da haruffa da lambobi 17, kuma ana ganinta ta gilashin gaba a gefen direba. Idan daga Amurka ta fito, ka shigar da lambar a shafin intanet na NHTSA, galibi zai nuna maka kiranyen da ba a kammala gyaransa ba, kuma ba a biyan ko kwabo. Ya fi kyau ka yi hakan tun motar tana can, domin wasiƙar kamfani ba za ta biyo ta Legas ko Kwatano ba, kuma dilan da zai yi aikin kyauta yana can baya. Ka fi mai da hankali kan jakar iska ta kamfanin Takata, wadda aka kira kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai, har da na cikin motocin Ferrari. Sinadarin da ke hura ta yana lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da laima, sai ta fashe ta watsa ɓarɓashin ƙarfe a fuskar direba, kuma yanayinmu na nan ba zai yi mata sauƙi ba. Idan Ferrari ce, ka tambayi takardar gyaran murfin tankin man birki, wanda saboda shi aka kira motoci 23,555 a 2022, domin rashin fitar iska ta murfin kan sa man ya zube birki ya ƙi kamawa.

Tambaya: Wata 'yar'uwa daga Damagaram tana tambaya ko gaskiya ne cika tanki fal yana iya sa mota ta ƙone.

Amsa: Malama, ya taɓa faruwa, kuma a kan mota mai tsada ƙwarai. A 2017 kamfanin Lamborghini ya kira motoci kusan 5,900 samfurin Aventador a faɗin duniya. Idan aka cika tanki fiye da ƙima, fetur kan gangara cikin gwangwanin gawayi da aka tanada domin tsotse tururin mai kawai, sai tururin ya riƙa fita ba a tace shi ba, ya haɗu da iska mai zafi daga salansa, musamman idan direba yana taka totur mota tana tsaye. A motocin yau da kullum abin bai cika kai wa ga gobara ba, amma su ma galibinsu suna da wannan gwangwani, kuma jiƙa shi da fetur yana lalata shi, ya kawo warin mai da wahalar tashi. Saboda haka ɗabi'ar girgiza mota a gidan mai domin a ƙara cusa lita ɗaya ba ta da amfani. Da zarar bakin famfo ya tsaya da kansa, a ce wa mai zubawa ya isa.