Abin da Ya Sa Hausawan Ingila Ke Fifita Likitanci a Kan Lauya da Kasuwa

Yaya, kun tambaya me ya sa mu mazauna Ingila, jikokin fatake, muke ta tura yara likitanci kamar mun manta hanyar kasuwa. Ba mu manta ba. A nan lasisin aiki da takardar zama su ne gaba da jari, kuma da su muke auna kowace sana'a.

Yaron da ya tashi a nan zai yi shekara 5 a jami'a, da 2 na horon farko a asibitocin gwamnati na NHS, sannan ya ƙara 3 idan likitan unguwa zai zama. Ƙwarewa a tiyata ta fi haka tsawo nesa ba kusa ba. A 2025 albashin shekarar farko bai kai fam 40,000 ba, babban likita kuwa yana farawa sama da fam 100,000. Don Allah kada ku juya wannan zuwa naira, domin duk abin da ya haura fam 50,270 gwamnati na yankar aƙalla kashi 40 cikin 100 haraji, ga kuɗin haya. Wanda ya yi karatu a Zariya ko Kano sai ya ci jarrabawar Turanci, ya ci PLAB, jarrabawar likitocin da suka yi karatu a waje, kashi biyu, na biyun a Manchester inda ake sa shi gaban mai kwaikwayon majinyaci a ga yadda zai yi masa tambaya da bayani, kafin hukumar likitoci ta GMC ta yi masa rajista. Inda ake cijewa yanzu shi ne gurbin horon ƙwarewa: masu nema sun yi wa guraben yawa, sai likita ya yi shekaru yana aikin kwantiragi. Daga 2023 ƙananan likitoci sun yi ta yajin aiki a kai a kai kan albashi. Duk da haka, a ganinmu babu lasisin da ya kai wannan riƙe gida.

Lauya kuwa gida biyu ne. Manyan kamfanonin lauyoyi na Landan suna biyan sabon lauya har fam 150,000, amma ƙofar ƙarama ce, aikin kuma dare da rana. Mai ƙaramin ofis a unguwa, yana shari'ar takardun zama da rikicin aure, sau da yawa bai kai rubu'in haka ba. Tun 2021 hanyar ita ce jarrabawar SQE kashi biyu da aikin shekara 2 na sanin makama, kuma digiri kaɗai ba ya sa a kira mutum lauya.

Kasuwa ba ta da rufi, amma fiye da rabin sababbin kamfanoni a nan ba sa kai shekara 5. Mai bizar ɗalibi an hana shi sana'ar kansa, mai bizar aiki kuma zamansa na rataye da wanda ya ɗauke shi. Aka sallame shi, kwana 60 ake ba shi ya sami wani. Da yawanmu kuma muna gudun bashin ruwa, sai jari ya dogara ga adashi. Shi ya sa za ku ga ma'aikaciyar jinya tana sayar da atamfa da turaren wuta ranar Asabar, ba ta ajiye albashi sai takardar zaman dindindin ta fito, cinikin kuma ya fara biyan hayar shago da kansa.