Da gaske mala'iku ne suka sassaƙa cocin Lalibela?

Tambaya: Na ga hoton wata coci a Habasha mai siffar gicciye, tana cikin rami, an ce mala'iku ne suka gina ta. Mene ne asalinta? Daga wata mai karatu a Jos.

Amsa: 'Yar'uwa, wadda kika gani ita ce Bete Giyorgis, ɗaya daga cikin majami'u 11 da ke garin Lalibela a yankin Amhara. Ba gina su aka yi ba, sassaƙa su aka yi daga jikin dutse guda. Ana danganta aikin ga Sarki Lalibela na gidan sarautar Zagwe, wanda ya yi mulki daga ƙarshen ƙarni na 12 zuwa farkon na 13. Sunan garin na da shi ne Roha.

Labarin da Cocin Orthodox ta Habasha ta riƙe ya ce ranar da aka haife shi ƙudan zuma suka kewaye shi ba su harbe shi ba, mahaifiyarsa ta gane zai yi sarauta. Da ya girma, yayansa Harbay ya sa aka ba shi guba. Ya yi kwana uku a sume, aka kai shi sama aka nuna masa majami'un da zai yi. Da aka fara aikin, in ji labarin, mutane na aiki da rana, mala'iku na ci gaba da dare. Tarihin rayuwarsa da ya ƙunshi wannan labari an rubuta shi ne a ƙarni na 15, kusan shekara 200 bayan rasuwarsa.

Akwai wani dalilin da ake kawowa. A 1187 Salahuddin ya karɓi Urushalima, sai Sarki Lalibela ya ƙudurta yi wa mutanensa tasu Urushalimar a gida. Shi ya sa kwarin da ya ratsa wurin ake ce masa Yordanos, wato Kogin Urdun, akwai kuma cocin Bete Golgota, inda ake cewa nan kabarin sarkin yake.

Aikin kansa daga sama ake fara shi. A shata faɗin cocin a kan dutse, a haƙa rami kewaye da ita har a bar curi guda a tsakiya. Sai a fitar da rufi, a sauko kan tagogi, a rarake ciki a bar ginshiƙai tsaye. Sara ɗaya in ya kauce, babu gyara. Bete Medhane Alem, mafi girmansu, ta kai tsawon mita 33 da faɗin mita 23.

Babban abin da ke cutar da su ruwa ne. Dutsen na aman wuta ne mai laushi, yana shan ruwa ya tsage, don haka masu aikin suka karkata rufin suka haƙa magudanai. A 2008 an kafa rumfuna a kan biyar daga cikinsu, ko da yake mazauna garin sun sha kokawa da nauyin rumfunan.

Masanin kayan tarihi David Phillipson yana ganin Bete Merkoriyos da Bete Gabriyel-Rufa'el sun girmi sarkin da ɗaruruwan shekaru, wataƙila fada ko ganuwa ne aka mayar coci. Mu ma mun fi karkata ga cewa zamani da yawa ne suka yi aikin. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1978. In za ki je, ki nufi bikin Genna, Kirsimetinsu na 7 ga Janairu, lokacin da dubban masu ziyara sanye da fararen mayafai ke cika ramukan, wasunsu bayan tafiyar makonni a ƙasa.