Tambaya da Amsa: Dukushin da Aka Yi Muku Talla, Ya Isa Shiga Gasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Zariya ce, aure ya kawo ni jihar Texas ta Amurka. 'Yata mai shekara 11 ta ƙwallafa rai a kan ƙananan dawakin nan da ake kiwo a nan, waɗanda ba su wuce ƙugun mutum ba, tun ranar da makarantarsu ta kai su kallon baje koli. Yanzu mun samu wata mata a bayan gari tana sayar da dukushi namiji ɗan shekara ɗaya. Ta ce yana da takardar AMHA, wato ƙungiyar masu ƙananan dawaki ta Amurka, tsayinsa inci 33, wai irin masu cin gasa ne, kuma nan gaba har kuɗin barbara za a riƙa biyan mu. Ga hotuna uku nan na turo. Mu dai abin da muka sani kawai shi ne ya ba mu sha'awa. Mu saya?
Daga wata uwa a Texas.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya yarinya, ya kuma saka miki da ba ki ce mata doki abin maza ba ne.

Na duba hotunan. Idan abin da ake so shi ne ɗan dokin da yarinya za ta riƙa yi wa wanka, ta taje masa geza, ta ja shi yawo da yamma, ban ga abin ƙi a jikinsa ba. Idan kuwa gasar kyawun ƙira ake hange, da kuɗin barbara, kada ki biya farashin da aka sa masa. Matar nan da bakinta ta faɗa miki aibinsa na farko, ba ki gane ba ne kawai.

Inci 33 ɗin nan nake nufi. Ƙungiyar AMHA, wadda aka kafa a nan Texas ɗinku a 1978, ba ta karɓar dokin da ya haura inci 34, wato kusan santimita 86, bayan ya gama girma. A filin gasarta kuma an yi wa ƙanana tsani: ɗan shekara ɗaya kada ya wuce inci 32, ɗan shekara biyu kada ya wuce 33. Kin ga su kansu sun ƙiyasta cewa daga shekara ɗaya zuwa cikar girma akwai ƙarin inci biyu a hanya. To naku tun yanzu ya tsallake tsaninsa. Ki ɗora biyu a kan 33, sai ki ga inda aka dosa. Takardar da take nuna miki ta wucin gadi ce, irin wadda ake ba kowane ɗan da iyayensa ke da rajista, sai ya girma an sake aunawa sannan a ba da tabbatacciya. Ranar da sanda ta nuna 35, wannan takarda ta tashi aiki.

Ba shi ke nan ƙofa ta rufe ba. Akwai ɗaya ƙungiyar, AMHR, da ke ƙarƙashin tsohuwar ƙungiyar masu dawakin Shetland ta Amurka wadda ke nan tun 1888. Ita rukuni biyu gare ta: na A daga inci 34 zuwa ƙasa, na B daga nan har 38. Babbar gasarsu a Tulsa ta Oklahoma ake yi, ta AMHA kuma a Fort Worth, nan kusa da ku. Dawaki da yawa suna riƙe da takardun ƙungiyoyin biyu. Ki tambaye ta ko naku yana da ta biyun. Idan ta soma kame-kame, kin samu amsa.

Sannan kada ki yarda da awon baki. Waɗannan ba a ƙololuwar kafaɗa ake auna su ba kamar sauran dawaki, a daidai gashin ƙarshe na geza ake ɗora sanda. A tsayar da shi a kan daɓen siminti, ƙafafu huɗu daidai, kai a sake, ke kina tsaye kina kallo. Masu wayo sukan baje wa doki ƙafa gaba da baya don bayansa ya lotsa, ko su yanke kofato har ya kusa taɓa nama ana gobe za a zo gani. Rabin inci a wannan harka kuɗi ne.

Yanzu hotunan. Na farko an ɗauke shi a tsaye, waya daga sama, shi ya sa kai ya fito ƙato, ƙafafu suka zama guntaye. Na biyu yana cikin ciyawa har wuyan ƙafa, ban ga kofato ko ɗaya ba. Kuma duka ukun yana cikin gashin sanyi. Ƙananan dawakin nan suna tara gashi da hunturu fiye da yadda za ki zata, wanda duk ya ce zai yanke hukunci a kan ƙirarsu a haka, kamar mai auna ƙibar mutum ne yana sanye da babbar riga. Ki koma da kanki ki durƙusa har wayar ta zo daidai haƙarƙarinsa, ki ɗauka ta gefe, ta gaba, ta baya. In matar ta yarda a jiƙa shi da ruwa gashin ya kwanta, ya fi. In ba ta yarda ba, ki sa tafin hannu ki bi wuya, kafaɗa, gadon baya da kuturi, hannu zai gaya miki abin da ido bai gani ba.

Ga gwajin da nake yi wa kowane irin wannan doki. Nakan sa yatsa in rufe mutumin da ke riƙe da ragama, da shinge, da bokiti, duk abin da zai nuna girmansa, in bar dokin shi kaɗai. Sai in tambayi kaina: da ban sani ba, zan ɗauka cikakken doki ne mai kyan gini da aka hango daga nesa? Abin da alƙalan gasa ke nema ke nan. Ƙanƙanta tana zuwa ne a ƙarshe, idan biyu sun yi kunnen doki a komai sannan ake fifita wanda ya fi ƙanƙanta. Launi kuwa ba ya cikin lissafin ajin ƙira, ko wane launi karɓaɓɓe ne, haka launin ido. Na faɗi haka ne don na san dabbare-dabbaren jikinsa da shuɗin idon nan su suka tafi da hankalin 'yarki.

Da na rufe naku da yatsa, ban ga babban doki ba. Na ga ɗan gajeren doki mai kauri irin na da. Asalin waɗannan dabbobi akwai jinin Shetland sosai, irin waɗanda suka ja kwal a ramukan haƙar ma'adinai na Ingila da Amurka, ga kuma jinin Falabella na Ajantina a wasunsu. Tsohon samfurin mai faɗin ƙirji ne, gajeren wuya, gajerun ƙafafu. Na yau da ke kwashe kyaututtuka siriri ne, mai dogon wuya da ɗan ƙaramin kai, kamar dokin Larabawa da aka rage. Naku wuyansa gajere ne, kuma ya fito daga can ƙasan ƙirji maimakon ya tashi daga saman kafaɗa. Tsawon jikinsa ya rinjayi tsawon ƙafafunsa. A raba doki uku, gaba da tsakiya da baya, ana so su yi kusan daidai. Nasa tsakiyar ta fi. Kuturinsa ya fi kafaɗa tsayi, amma wannan ba zan kama shi da shi ba, ɗan shekara ɗaya yakan girma ta baya kafin gaba ta cim mata. Wuya dai da inda ya fito, haka zai mutu da su.

Hoto na uku, na baya, shi ya fi amfani, ina jin ma ba da niyya aka turo shi ba. Dubi gwiwoyin ƙafafun baya yadda suka karkato suna neman haɗuwa, kofatai kuma suka kalli waje. Gwame ke nan. A doki mai kyan tsayuwa, in kika saki zare mai ɗan nauyi daga tsinin ɗuwawu, zai bi ta tsakiyar gwiwa, ya raba ƙwauri biyu, ya sauka tsakiyar dunduniyar kofato. Ɗan gwame kaɗan yana da yawa a wannan iri, wani lokaci rashin yankan kofato a kan kari ne ke ƙara shi, kuma ƙwararren mai gyaran kofato yana rage shi tun dukushi yana ƙarami. Amma alƙali zai tsaya a bayansa ya gani, tun da ba a sa musu takalmin ƙarfe a gasa, ba kuma abin da zai ɓoye.

Akwai abubuwa uku da hoto ba zai taɓa nuna mini ba, kuma sun fi duk abin da na lissafa nauyi.

Baki tukuna. Ɗaga masa leɓe, kansa yana a sake, ki ga ko haƙoran gaba na sama da na ƙasa sun haɗu daidai. Ƙananan dawaki adadin haƙoransu ɗaya da na ingarma, a cikin ɗan ƙaramin muƙamuƙi, don haka cunkoso da karkacewa ba baƙon abu ba ne. Idan na ƙasa suka zarce gaba, ga goshi ya yi tudu, ga tumbi, ga ƙafafu a karkace, alamun wadanci ne, kuma shi ne babban tabon wannan kiwo. Shekaru aka yi ana haɗa ƙarami da ƙarami ba a duba komai sai sanda, aka yi ta haifar 'yan wada masu wahalar numfashi da ciwon gaɓɓai. Masu bincike a Jami'ar Kentucky sun gano sauye-sauye huɗu a ƙwayar gado mai suna ACAN, ana kiransu D1 zuwa D4, kuma yanzu da 'yan silin gashi da aka tuge da saiwarsu ake gwadawa. Ban ce naku wada ba ne, tsayinsa ma bai nuna haka ba. Sai dai doki yana iya ɗauke da abin a ɓoye, lafiyarsa ƙalau, a haɗa shi da goɗiya mai ɗauke da shi, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na fitowa wada. Duk mai yi miki zancen barbara bai nuna miki sakamakon wannan gwaji ba, zance kawai yake yi.

Sai tafiya. Ki je da sassafe, kafin a fito da shi daga barga. Ki kalli takunsa na farko, ki sa a tura shi baya, a juya shi a ƙaramin da'ira hagu da dama. Akwai wata cuta da ta yi musu yawa, ƙoƙon gwiwar cinya yakan maƙale, sai ƙafar baya ta sandare yana jan kofato a ƙasa, can ta saki da ƙas. Doki in ya ɗumama yakan ɓoye ta, shi ya sa mai sayarwa ya fi son baƙi da rana. Daga nan a yi sassarfa da shi, ya tafi ya dawo a miƙe. Kafaɗa mai kwanciya, wajen digiri 45, ita ke ba da dogon taku mai laushi. Mai tsaye kuwa sai ki ga yana tsinto ƙasa da gajeren taku.

Na uku, likitan dabbobi ya duba ko marainansa biyu sun sauka. Namijin da ya girma ɗaya na maƙale a ciki ba ya shiga ajin maza, kuma dandaƙarsa aikin tiyata ne mai tsada.

Ni da za ki bi tawa, ko kin saye shi, a dandaƙe shi. Namijin doki namiji ne ko da bai wuce gwiwar mutum ba. Nan da shekara guda zai soma cizo, da miƙewa tsaye, da haniniya in ya ji warin goɗiya, ba abin da za a bar wa 'yar shekara 11 ba ne. Kuɗin barbara kuwa sai dokin da ya ci manyan gasa, su ma masu su suna kukan kasuwa ta cika.

Dandaƙaƙƙe yana da filin wasa mai faɗi, kuma nan ne nake ganin naku zai iya yin abin kirki. Akwai ajin da yarinyar ake dubawa ba dokin ba: tsabtarsa, yadda ta riƙe shi, yadda ta tsayar da shi gaban alƙali. Akwai na bin hanya mai cikas, a tsallake sanduna, a hau ɗan gada, a ja da baya tsakanin katako biyu. In ya cika shekara uku sai tsallen shinge, tana gudu a gefensa, da jan keke, wanda irin ƙirarsa mai ƙashi da faɗin ƙirji ba ta jin kunya a ciki. Duk waɗannan horo da natsuwa suke so, ba dogon wuya ba. Gasar ƙira a manyan matakai, ban ɓoye miki ba, rabinta aikin ƙwararrun masu horo ne: a aske doki tas, a naɗe masa wuya da roba don gumi ya rage kauri, a shafa mai a fuska, a riƙa kaɗa masa wani abu mai ƙara a gaban hanci don ya miƙa wuya. Kuɗi ne ake zubawa ba na wasa ba.

Ki ce da matar kina so a farashin dokin gida, bayan likitan da ke kika ɗauko ya duba shi. In ta ƙi, ki nemi dandaƙaƙƙe ɗan shekara biyar zuwa goma wanda wata yarinya ta riga ta yi gasa da shi har ta yi masa girma. Tsayinsa ya tsaya, halinsa ya bayyana, shi zai koya wa 'yarki aikin. Kuma ko wanne kuka kawo gida, a kula da kwanon abinci. Ƙiba ita ke kashe su, tana jawo kumburin cikin kofato, yara kuwa ba sa iya hana su abin da suka roƙa. Haka kuma in ya ƙi cin abinci kwana guda, a kira likita a ranar, domin kitse yakan malalo musu cikin jini ya taɓa hanta da sauri.

TAMBAYA: Malam, ina ganin ƙananan dawakin nan a Facebook. Ina so in sa a kawo mini guda daga waje, ɗana ɗan shekara takwas ya hau ranar hawan Sallah. Ya kake gani?
Daga wani mai karatu a Katsina.

AMSA: Alhaji, a bar wannan shawara. Ƙa'idar da mahaya ke bi ita ce kada kayan da ke bayan doki su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa. Irin waɗannan da yawansu ba su fi kilo 100 ba, ka ga kilo 20 ke nan har da sirdi. Ɗan shekara takwas ya wuce nan shi kaɗai, balle an ɗora sirdinmu na gargajiya da jalala da kayan ado. Ga kuma annobar dawaki ta Afirka da 'yan ƙananan ƙwari masu cizo da dare ke yaɗawa, wadda ta fi yi wa dawakin da aka shigo da su daga waje mummunan kamu. Ka sa a nemo masa ƙuru mai sanyin hali a kasuwar Mai'aduwa ko wajen mutanen barga da ka yarda da su, a fara sabar masa da ganga da ƙarar bindiga tun watan Sha'aban.