Ɗacin Ganye a Cikin Giya: Magani Ne ko Guba?

Tambaya: Likita, maƙwabcina yana dafa giya a gida, yana zuba mata shuwaka da namijin goro, wai ɗacin yana wanke hanta. Gaskiya ne? (Daga Jos)

Amsa: Ba gaskiya ba ne. Giyar kamfani daga furen wani tsiro mai suna hops take samun ɗacinta. Tsiron ba ya son zafin ƙasarmu, shi ya sa masu bincike a Najeriya suka gwada shuwaka da namijin goro a madadinsa. Ɗanɗano suke nema, ba lafiyar hanta ba. Ko an cika tukunyar da ganye, barasar da ke cin hanta tana nan daram. Shuwaka dai wurinta miya.

Tambaya: Na ji wai Turawa ma da ganyen daji suke yi a da, to ina laifin namu? (Daga Kumasi)

Amsa: Sun yi, kafin hops ya karɓu. Amma wasunsu har da wani ɗan'uwan zaƙami suke sakawa don ta ƙara bugarwa. A 1516 aka kafa doka a Bavariya ta ƙasar Jamus cewa ruwa da sha'ir da hops kaɗai za a sa. Daɗewar abu ba ta wanke shi.

Tambaya: Ƙanena ya sha burukutu a wurin biki, ya dawo yana sambatu yana kama abin da ba kowa ke gani ba. 'Yan gida sun ce iska ce. (Daga Kafanchan)

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ya fi kama da zaƙami, wanda ake kira haukata-yaro. Dubi idonsa: baƙin tsakiya ya buɗe sosai ko da a cikin haske? Bakinsa ya bushe ƙamas, jiki da zafi amma babu gumi, zuciya na dukan uku-uku, fitsari ya ƙi fita? Aikin atrofin da sikofolamin ne, gubar da ke cikin 'ya'yansa da ganyensa. Ƙarfinta ya bambanta daga wannan tsiro zuwa wancan, don haka mai zubawar ma bai san nawa ya zuba ba, balle mai sha.

Kada a ɗaure shi, kada a ɗura masa manja ko madara don ya yi amai, zai iya shaƙewa. A cire masa kaya masu nauyi, a shafa masa ruwa, in barci ya ɗauke shi a kwantar da shi ta gefe. A kai shi asibiti yanzu, da ragowar abin da ya sha in akwai.