Muryar da anka turo gurup kan binciken kaya a filin jirgi

Salamu alaikum jama'a, ina wuninku. Hajiya na ji saƙonki tun da sahe, wai kin ga bidiyo an ce an bar binciken kaya a filin jirgi, ko za ki iya sa zuma da man shanu cikin jakar hannu in za ki Umra. To Hajiya kada ki soma hwa, rabin zance kinka ji.

Ita wagga doka ta kada abin ruwa ya wuce mil 100 (mililita) cikin jakar hannu ai ba haka kawai anka ƙago ta ba, 2006 anka kama wasu a Ingila sun shirya shiga jirage da abin fashewa na ruwa cikin gorunan lemo, tun ran nan ruwa yaz zama abin zargi. Tuɓe takalmi ma haka, 2001 wani ɗan Ingila ya ɓoye bam cikin takalminai. Ita ko na'urar da ake shiga a ɗaga hannuwa sama, kun san labarin, Umar Faruk Abdulmutallab da ya ɓoye bam cikin kamfainai, Disamba 2009, jirgin Amsterdam zuwa Detroit, bayanai taɗ ɗin ta yaɗu ko'ina, mu masu koren fasfo mun sha kallo lokacin wallahi.

Abin da kinka gani a bidiyo sabuwar na'ura ta, irin sikanin ɗin asibiti, jaka na wucewa ma'aikaci shina juya hotonta a kwamfuta ta sama ta ƙasa awa shina riƙe da ita, ba sai an zazzage maka kaya gaban mutane ba, laftof ma ba a hiddawa. Filin London City ya ɗage dokar ruwa 2023, amma duba hwa, Tarayyar Turai da kanta ta maido da mil 100 a Satumba 2024 don ba ta gamsu da wasu na'urorin ba, Amurka ko sai Yulin 2025 ta ce a bar tuɓe takalmi. Kin ga kowane fili da nashi hali, ko Sultan Abubakar na Uku kinka tashi ko Kano ko Abuja, ki shirya awa tsohuwar doka na nan, zuma ta tai babbar jaka a naɗe ta da leda sosai.

Amma ni abin da ad damuwata ba zuma ba ta, saƙo na. Yanzu fuska anka koma, Abuja da Legas an kakkafa ƙofofin da kaka aza fasfo kamara ta dube ka ta buɗe, Dubai sun daɗe da su, kuma can duniya ta dosa, fuskarka da tikitinka da lambar jakarka duk a ɗaure wuri guda. To wani ya tare ki bakin get, Hajiya don Allah kai ma ɗiyata wanga ƙunshi Makka, ki ji kunya ki amsa, na'ura ta hango ƙwaya ciki, sunan wa za ya hito? Naki. Shi ya koma gida shina shan hura, ke kina hannun NDLEA masu kama ƙwaya, in ko sai Jidda anka gani Allah shi kyauta, Saudiyya ba ta wasa da ƙwaya, goro ma haramtacce na wurinsu.

Alhaji kai kuma da kat tambayi fawa bank, jakar hannu aka sa shi ba wadda ake aunawa ba, don batirin na iya kama wuta. Bari in tai, an kira la'asar.