Wuta-wuta ta rufe min gonar masara, tugewa kaɗai ta isa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina maimaita masara a gona ɗaya a wajen Funtuwa. Bana ta tsumbure, ganyen ya yi rawaya kamar ana fari alhali ruwa na sauka, daga baya wuta-wuta ta rufe gonar. Sau biyu ina sa yara su tuge ta, ban ga canji ba. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin wuta-wuta ta leƙo sama ta riga ta yi ɓarnarta a ƙarƙashin ƙasa. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, kuma ba sa tsirowa sai sun ji sinadarin da saiwar masara, dawa ko gero ke fitarwa. Da ta tsiro sai ta manne wa saiwar tana zuƙe ruwa da abinci makonni kafin a gan ta. Shi ya sa masararka ta yi kama da wadda fari ya kama.

Tugewa ba za ta ceci amfanin bana ba, na baɗi take karewa, in an yi ta kan kari. Tushe ɗaya kan zubar da iri dubbai, kuma irin kan wuce shekara 10 a ƙasa yana jira. Don haka a tuge kafin furen nan mai ruwan hoda ya buɗe, a fitar da ita bakin gona a ƙone. Kada a bar ta a kwarin kunya, kada a ba dabbobi, domin irin kan fito a kashinsu ya dawo maka cikin taki.

Babban gyara shi ne ka huta da masara a gonar nan. Baɗi ka cika ta da waken suya, irin su TGx 1448-2E. Saiwarsa na sa irin wuta-wuta ya tsiro amma ba ya samun wurin kamawa, sai ya mutu. Gyaɗa da auduga ma suna yin haka. Sai dai a shuka waken suyan da kauri, gona guda, ba 'yan layuka tsakanin masara ba. Inda ta yi yawa kamar taka, ni damina biyu zan ce ka huta da masara.

In ka dawo masara, nemi iri mai jure ta, kamar SAMMAZ 15 ko SAMMAZ 16 na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, daga dillali amintacce. Shuka da ruwan da ya kafu, santimita 75 tsakanin kunya, 25 tsakanin rami, ƙwaya ɗaya. Wuta-wuta gajiyayyar ƙasa take so, saboda haka kada ka yi wa gonar rowar taki: a hekta ɗaya buhu 8 na NPK 15:15:15 cikin mako biyu na farko, sai yuriya buhu 2 zuwa 3 a mako na biyar, a binne shi, kada a watsa. In kuɗi bai kai ba, gara ka rage faɗin gonar da ka rage takin. Garma ko tarakta da ta fito daga gonar da ke da ita kuma, a kankare ƙasar jikinta kafin ta shiga taka.